Huhun Mota

Tsakuwa ɗai ta, ba ta kai ƙwarar gujjiya ba,
ita tak karya ni tsakanin Kware da Gwadabawa,
ranar Lahadi, kasuwar Illela na ci,
buhu ashirin na albasa bayan Hilas,
rabi nawa, rabi bashin Alhaji Maccido.

Tipa nika bi, hancina ga gindinta,
gaggawa ta hana in ba ta tazara.
Nij ji ƙyas! ƙarƙashin bamba,
awa yaro ya jehi kwano.
Nic ce ba komi.

Nahantsi, yaron motata, shi yar riga ji:
"Maigida, motag ga hito takai."
Nit taka totur, sai baƙin hayaƙi,
ƙara ta cika kunne, gudu ya ƙi.
Amalanken da munka bari baya yac cim muna,
mai jakin har da ɗaga hannu,
"Sannunku da aiki!"

Munka isa dillalai sun naɗe tabarmi.
Albasa ta sha rana ta yi laushi,
nis saisuwa yadda anka taya.

Garejin Buzaye, Mode bai tambaye ni komi ba.
Ruwan sabulu yad dama cikin gwangwani,
yas shafa, yac ce in tada.
Can ga kusurwa kumfa yat tashi
daga huda kamar kafar allura.

"Intakula ta," in ji shi, "huhun mota.
Iskan da turbo yad dafa
nan shika shan sanyi kamin shi kai ga inji.
Dubi jikinta, saƙar zuma,
ko da farce kana lanƙwasa ta.
Ga shi an aje ta bakin ƙofa
inda duk dutsen hanya ka yin sallama."

Yaf faɗi kuɗin sabuwa.
Niz zauna bisa tsohuwar taya
ina lissahi da buhunna.
"Liƙe ta," nic ce. Yal liƙe.
"Sai ka yi mata raga."

Raga? Ai akwai ga tagar ɗakina.
Da dare niy yanke wayar sauro,
niɗ ɗaure ta da igiyar roba,
ina yaba ma kaina dubara.
Ko Bodinga ban kai ba
mota tay yi nauyi, allurar zahi tam miƙe tsaye.
Mode yay yi dariya har da riƙe ciki:
"Don gudun ƙuda
ka toshe mata hanci!"

Cika mai walda shi yay yi ta gaskiya.
Ragar ƙarhe, idonta daidai wa daida,
iska shi ratsa, tsakuwa ta tsaya waje.
Yab bar ratar yatsa biyu tsakani,
don in dutse ya naushi raga
kar raga ta naushi huhu.
Noti huɗu, roba ƙarƙashin kowane.
Kuɗin bai kai buhu guda ba.
Nit tuna wayar tagata,
da sauron da yac cinye ni kwana ukku.

Yanzu duk Jumu'a kamin masallaci
ina durƙusawa gaban mota,
ruwan buta, sannu sannu, ba na inji ba.
Abin da raga tak kama ina tara shi
cikin gwangwanin madara:
tsakuwa goma sha ɗaya,
kan ƙusa, guntun kwalba,
fara bakwai da sunka mutu da sauri,
da wani ƙashi da ban san mai shi ba.

Nahantsi na girgiza gwangwanin
in ya ga hancina ya matsa ma tipa.
Ba shi cewa komi.
Ni ko in ɗaga ƙafa,
in bar ta ta tahi da duwatsunta.