Mai Kilishi a Kujerar Likita

Shekara talatin da huɗu a bakin tashar jirgi,
nan Ngaundere, ina shanya nama a rana,
matafiya su saya, su ƙunshe, su wuce Kudu.
Sai ga ni bana, ni Barmo,
ina tallan abin da ya fi ƙarfina:
mahauci ya kasa tauna kilishi.

Turmin hagu ne ya fara, can ƙurya.
Na cusa kanumfari, ya yi shiru kwana biyu.
Na ɗiga turare a auduga, ya yi mini dariya.
Wani a kasuwa ya kanga mini hayaƙi,
ya nuna tsutsa uku a ƙwarya, ya karɓi jaka biyu.
Daren nan har ladan ya jiyo nishi.

Tasalla ta ce, "Yau kam sai asibiti.
Tafi da Dudu, nata ma yana girgiɗi."
Muka hau babur cikin yayyafi,
jika a gaba, kaka a baya,
kumatu kamar na ɓoye mangwaro, ido cike da haushi.

Likita Astajam, sa'ar 'yata ta uku,
ta kishingiɗar da ni, ta haska fitila.
Ni da nake kayar da bijimi
na damƙe hannun kujera kamar mai ƙetare gulbi.
Na ce, "Tsutsar ce ta dawo?"
Ta ce, "Baba, babu tsutsa. Shayi nawa kake sha?"
Na ce shida.
"Sukari fa?"
Na dubi rufi, na ja numfashi.

Na ce, "To jinin da nake tofarwa da asuba,
ba shi ne shaidar na goge da kyau ba?"
Ta girgiza kai.
"Datti ne ya kwana, ya shekara, ya zama dutse a gindi.
Mai lafiya ba ya kuka don an taɓa shi.
Jinin nan ƙara ce ake kawo maka daga dasashi."

"Aswakina fa? Da shi ubana ya kai tamanin."
"Riƙe abinka. Sai dai lungu na nan da bai shiga.
Safe, da kafin barci, ka bi su ɗaya ɗaya,
a hankali, ba katakon yanka kake kankarewa ba.
Ka nemi mai laushi in za ka sayi buroshi."

Dudu ta toshe baki da hannu biyu,
wai kada ƙadangare ya gani, sabo ya ƙi fitowa.
Na ce, "Na nono ne, ai faɗuwa zai yi,
wa ke share ɗakin da za a rushe?"
Ta ce, "Kai da kake tasha, ba ka ga mai kama wa ɗan'uwa kujera?
In ya tashi da wuri, wani ya zauna,
na baya ya zo ya tsaya a karkace.
A wanke mata, a rage alawa.
Ƙadangare kuwa, ku ƙyale shi."

Allura ɗaya. Leɓe ya zama na wani.
Na ji ƙas, kamar an ɓalle ƙashin haƙarƙari.
Ta naɗe mini shi a takarda,
yadda nake naɗe wa mutane na dala ɗari,
baƙi, da rami, ga jan goro har wuya.
Shekara hamsin yana mini aiki, ban taɓa duban shi ba.
Kunya na ji, ba fushi.

Na Dudu ya faɗi ran Laraba, cikin tuwo.
Yanzu mu biyu muke tsugunawa bakin famfo,
giɓi da giɓi, kumfa har haɓa,
tana ƙirga mini, in na yi sauri ta ce a sake.
Shayi ya koma uku. To, huɗu ranar sanyi.
Tasalla ke riƙe da gwangwanin sukari,
kamar mai bin bashi.

Jiya jirgin yamma ya yi jinkiri.
Na yagi ɗan gefe, na kai ɓangaren dama,
na tauna sannu, ƙuli da citta suka buɗe.
Wani matafiyi ya ce, "Baba, da daɗi?"
Ban amsa ba.
Bakina na cike da kilishi.