Manomi Na Goma Sha Huɗu

Shekara ashirin da shida ina koyar da abu guda:
yadda magana za ta fito daga ɗakin gwaji
ta isa kan kunyar gona ba ta yi tuntuɓe ba.
A takardar albashi sunan aikin ya fi haka tsawo.

Farkon fitata Safo ce, a babur ɗin aro,
shekarar da murzuna ta hau zangarniya
tana zaga ta kamar mai nɗe rawani.
Na zo da ƙaramin buhu mai ƙwari a ciki,
da shafi tara na Faransanci a kaina.
Na yi rabin awa ƙarƙashin gawo ina zuba,
har akuya ta gaji ta tashi.

Sai Nomau ɗan Jimma ya kakkaɓe hularsa:
"Ɗiyata, ƙwaro na ci muna hatsi,
ke kuma wani ƙwaron kinka kawo muna?"
Aka yi dariya. Na ji ƙasa ta ƙi tsagewa.

Bai tafi ba.
Ya kai ido bakin buhun, ya daɗe,
ya sa na sake faɗi, sannu, ban da yaren lakwal.
Ya ce, "Ashe kyanwa ce kinka kawo ma ɓera.
To ki ce hakanan mana."

Na ce hakanan.
Na ce a Jiratawa, na ce a Tibiri ranar kasuwa,
rediyo ta ɗauka bayan sallar isha'i,
mata suka rataya buhuna a gindin rumbu.
Kalma shida ta yi abin da shafi tara ya kasa.

Na rubuta maƙala. An buga ta ƙetare.
Sunana a sama, na shugaban sashe a gefensa.
Shi kuwa yana shafi na bakwai, layi na uku:
"Manomi na 14, namiji, kimanin shekara sittin."
Ƙa'ida ce, in ji su, a sakaya sunan wanda aka tambaya.
Da ita aka ƙara mini girma.
Na kai masa goro da turmin shadda,
ya tambaye ni ko takardar tana maganin ƙuduji.

Ya rasu shekarar da Gulbi ya cinye gadar garinsu.

Yau Laraba, aji ya cika, fanka ta mutu,
Barira na gaba da biro uku da tambaya arba'in
da za ta kai wa masu aya a Gidan Rumji.
Na ce ta bar su cikin jaka
sai an kawo ruwa ta sha,
sai wani ya yi mata dariya.
Ta ce, "Madam, wannan zai fito a jarrabawa?"

Na juya ga allo.
Alli ya rage kamar ƙwayar wake.
Na rubuta Nomau ɗan Jimma, Safo,
na ce su kwafa, da ƙugiyar ɗ ɗin yadda take.