Hancin Yaya Sidi

Ranar Juma'a, kafin mai shayin Koki ya kife kofunansa,
nakan ɗora ruwa a kurfoti,
in zaro aska daga zabirar da ba tawa ba.

Ni tela ne. Almakashi na sani.
Aska kuwa lalura ce ta danƙa mini,
tun da ɓarin jikin Yaya Sidi ya shanye
bara waccan, da ruwan farko.

Mutumin da wanzami bai taɓa riƙe wa haɓa ba.
Shekara talatin yana wasa askarsa
a tsohuwar ɗamarar fata da ke rataye a ƙusa,
yana yi wa sabulu cinikin da ake yi wa gona:
a sansana, a murza, a ajiye,
a dawo jibi.

Nasa daga hannun Goggo Tabawa yake fitowa,
can cikin lungun Makwarari.
Tokar karan dawa, man kaɗe,
kanumfari da ta daka da kanta,
da wani abu guda da ba ta faɗa.
Sau biyu ina tambaya.
Ta ce, "Tela, ni na tambaye ka
yadda kake ɓoye aljihu a cikin riga?"

Makon da ta tafi Gaya sunan jika,
na sayo na gwangwani a Sabon Gari,
mai huci kamar kumurci in an danna kansa.
Fari fat, ga yawa, ga arha.
Ina kai masa kumatu ya juya ga bango.
Baki ya tafi, hannun dama ya tafi,
hanci yana nan daram,
yana yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara.
Haka ya kwana bakwai da ƙasumba
yana hararata da ido ɗaya.

Yanzu na iya.
Tawul mai ɗumi tukuna, har gashi ya sauko daga fushinsa.
Sai buroshi a ƙoƙo, ina juyawa, ina juyawa,
ɗigon ruwa, in ƙara juyawa,
har kumfa ta yi kaurin kindirmon da cokali ke tsayawa ciki.
Gemu ba a taɓa shi. Kumatu, wuya, ƙarƙashin leɓe.
Kuncin da ya saki nakan ja shi da babban yatsa
yadda nake jan shadda ƙarƙashin allurar keke.
Ƙar, ƙar, ƙar.
A Kano duk ba ɗakin da ya fi wannan shiru,
ko da Adaidaita na ta gunji a bakin titi.

In na yanke shi, ba ya ji.
Ni nake ji.
In dangwala alif, in ce yi haƙuri,
ga ɓangaren da ba ya amsawa.

Sai kwalbar ƙarshe, 'yar ƙarama mai murfin toto,
haɗin Abba Gana na Kurmi:
sandal, ruwan wardi, ɓawon lemun tsami,
miski kamar rowa, ɗigo ɗaya tak.
Ba mai zafin nan ba da ke sa ƙato salati.
In zuba a tafina, in shafa masa.
Nan hagunsa ke kama wuyan hannuna,
ya riƙe dab da hancinsa,
ya daɗe.
Duk hirarmu ta mako ke nan.

Sabulun ya siranta, ya zama kamar kwabo.
Goggo ta ce gwiwa ta hana ta tsayuwa kan tukunya,
jikarta kuma karatun jinya take so.
Ban gaya masa ba.

Makon jiya a masallaci, na makara, na cusa kaina a sahu,
ƙamshin bai bar tafina ba.
Da aka yi sallama
wani tsoho ya waiwayo, yana laluben fuskoki:
"Sidi ya tashi ne?"