Takardar Cikin Gwangwani

A gonar babana, can sama da tafkin Titikaka,
inda numfashi ke ƙarewa kafin magana ta ƙare,
shekara talatin yana barbaɗa toka a kunyoyin dankali,
tokar kashin tumaki daga murhun mahaifiyata.
Ya ce ita ke hana sanyin dare ƙona ganye.
Kakansa ne ya faɗa. Wa zai ja da kaka?

Ni. Nemesia, 'yarsa ta uku,
wadda ya sayar da tumaki shida ta je Puno karatun ƙididdiga,
ta dawo da littafi, da fensir, da taurin kai.

Ranar shuka na zauna kan katangar dutse
na rubuta layi na farko:
Toka ba ta ƙara komai, ba ta rage komai,
mai toka da marar toka duk kanwar ja ce.

Ya leƙo ta kafaɗata, ya sa na karanta masa.
Iska ta ɗauke hularsa, bai bi ta ba.
"Da kuɗin tumakina kika koyo ƙaryata ni?"

Baba, wannan layin ba imanina ba ne,
bango ne na gina don dankalinka ya rushe.
Sunansa hasashen babu.
Shi ake fara ba kujera, ya zauna daram
har sai ma'auni ya zo da ƙarfin tayar da shi.
In na fara da gaskata ka,
kowane ƙaton dankali zai zame mini shaida,
ƙananan kuwa in kau da ido.

Layi na biyu: Akwai bambanci.
"Rubuta ta ƙara," in ji shi, "bambanci ai kowa da irin nasa."
Na tauna gindin fensir.
In na ce ta ƙara, ƙofa ɗaya na buɗe.
In kuwa tokar cin saiwa take yi a ɓoye,
ta ina labarin zai shigo?
Na bar ƙofa biyu.
Na san hakan zai tsawaita masa hanyar nasara,
ban dai faɗa masa ba.

Layi na uku, iyaka: biyar cikin ɗari.
In babu bambanci, sau nawa faɗuwa za ta zo daidai da zama
ta nuna mana tazara irin wadda za mu gani?
In ya gaza biyar, bango ya faɗi.

Kunya arba'in. Ɗan yayata Amaru ya yi ta cilla kwabo,
kwabo ya zaɓi masu toka, ba hannun Baba ba,
don hannunsa ya san inda ƙasa ta fi maiƙo.
Na naɗe takardar, na sa a gwangwanin madara,
Baba ya binne shi da kansa a gindin katanga.

Sanyi ya sauko dare uku a Fabrairu.
A Mayu muka tona, buhu-buhu muka rataya a sikeli,
yatsuna sun daskare a kan na'urar lissafi.
Masu toka sun ɗara, kaɗan.

Takwas cikin ɗari.

Na daɗe ina kallon lambar nan.
Da ƙofa ɗaya na bari kamar yadda ya so,
da huɗu ce. Da ya ci.
Magogi na aljihuna. Babu wanda zai sani.
Amma gwangwanin na ƙarƙashin ƙasa,
kuma da hannunsa ya tura masa ƙasar.

"To, babu ke nan?"
A'a, Baba. Ban ce babu ba.
Na ce bangon ya girgiza, bai faɗi ba.
Wanda hadari ya hana ganin wata
ba ya rantsuwa cewa wata bai tsaya ba.

Ya ɗauki dankali ɗaya, ya goge a rigarsa,
ya juya shi, ya sake juyawa.
"Kunya nawa bangon naki yake so?"
Na ce wataƙila tamanin.
Ya dubi gonar maƙwabcinmu Eustaquio da ta kwana biyu ba noma,
ya ce wa mahaifiyata ta daina zubar da toka.