Bulo a Bokiti

Baba Cindo ya iso da sassafe a kan kekensa daga Ɗorayi,
ni bai gaishe ni ba tukuna, ƙasar ya fara gaisarwa.
Ya dumbuza, ya shinshina, ya murza a tafin hannu,
ya ce, "Jar Gaida ce wannan, na san ta tun ina yaro.
To amma Hansai, wannan ƙarfen me yake nema a filinki?"

Na ce inji ne, Baba. Ba ya shan mai, ba ya jiran wuta,
damtse kawai yake ci.
Kwano ashirin na tankaɗaɗɗiyar ƙasa,
kwano ɗaya tal na siminti,
ruwa kuwa yayyafi, kamar mai haɗa dambu.
A zuba, a rufe, samari biyu su danne hannun,
sai bulo ya ɗago kai, da kusurwa kamar sabulun wanki.

Ya yi dariya har giɓinsa ya fito.
"Shekara arba'in ƙafata na cikin birji,
ina cura tubali, ina ɗora azara.
Kowane kududdufi da kika gani a cikin birni
akwai soron da ya fito daga cikinsa.
Kuka ce ƙasa ta matalauta ce, kuka bi siminti,
ɗaki ya koma tanda, kuna kwana a waje da mafici.
Yau kuma kin dawo mana da ita, kin sa mata kwat?"

Na ce zafi ne ya koro ni, Baba, da kuɗin buhu.
Ɗakin haya a Kurna, tsakiyar bazara,
bango na huci har ƙarfe biyun dare,
'yata tana susar ƙuraje a wuya, ta kasa barci.

Bai tanka ba.
Ya ɗaga ledar da muka lulluɓe bulo mako huɗu,
ya zaɓi guda, ya nutsa shi a bokiti.
"Ruwa ne alƙalin ƙasa," in ji shi,
"Agusta ba ta karɓar rantsuwa.
In na dawo gobe na tarar da kunu,
ki kira 'yan gwangwan su auna ƙarfen nan."

Daren nan ban runtsa ba.
Na ƙirga albashina, na ƙirga adashen da na kwasa,
na tuna matar da ta ce min a ofishin malamai,
"Duk bokonki, a gidan ƙasa za ki ƙare?"

Gari ya waye. Ruwan bokiti garau.
Ya tsamo bulon yana ɗiga,
ya karce shi da farce, farcen ne ya ji jiki,
ya ƙwanƙwasa da cokalin gini, ya kasa kunne,
ya ajiye, ya hau kai da ƙafa biyu, ya ɗan yi tsalle,
dattijo mai jikoki tara.

Bai ce na yi gaskiya ba. Ba halinsa ba ne.
Cewa ya yi, "Harsashi na dutse za a yi, ya ɗago sosai,
rufi ya zarto bango kamar malafa.
Ramin da kuka ɗebi ƙasar fa?"
Na ce shi zai zama masai.
Ya gyaɗa kai. "Miƙo min igiyar awo."

Yanzu gini ya wuce linta.
Ban yi masa filasta ba, ban kuma yi niyya ba,
ja yake, launin wurin da aka haƙo shi.
Da azahar nakan jingina kunci da bango
in ji sanyi irin na gindin randa.

Bulon bokiti kuwa, a bayan keke ya ɗaure shi ya tafi.
Ban tambaya ba.
Jikarsa ce ta faɗa min a aji,
wai yana ƙofar ɗakinsa,
a kai yake zama ya yi alwala, sau biyar a rana,
yana leƙa gefensa ko ya fara zaizayewa.