Babur Ya Mutu a Titin Lach Tray

Ƙarfe huɗu da rabi uwata ke kunna wuta.
Ƙamshin romon ƙaguwa kan riga agogo tashina.
Ni ce mai yanka ganye, mai jera kujerun roba,
ƙananan nan shuɗaye
da babban mutum ke zama a kai, gwiwa a haɓa.
Kwanon taliya arba'in
kafin rana ta leƙo ta bayan tashar jiragen ruwa.
Sai in murje hannu da lemun tsami,
in sa farar riga,
in zama wata.

A ofis sunana Tuyen ta lissafi.
Ina ƙirga kwantenoni da ban taɓa leƙa cikinsu ba,
takalma dubu tara, an ce, masu tafiya wata ƙasa,
ni ko takalmina hanya ɗaya ya sani.
Shekara huɗu na yi a jami'a don wannan kujera.
Babana ya sa takardata a gilashi,
ya jingine ta gefen hoton kakanni,
inda ake kunna tsinken turare.
Kullum da safe matattu uku na karanta sakamakona.
Ta yaya zan ce musu na gaji?

Nhan ta tafi Osaka bara.
Tana yi wa tsofaffin da ba nata ba wanka,
tana turo mini hoton dusar ƙanƙara a kan taga.
Ta ce, zo mana, akwai gado a ɗakina.
Na sayi littafin koyon Japananci,
na tsaya a shafi na sha ɗaya.
Yanzu shi ke tokare da gurguwar ƙafar tebur.

Sai ranar Laraba, cikin watan takwas,
sama ta ɓalle kamar da gayya.
Lach Tray ya koma kogi,
babur ɗina ya yi tari biyu, ya mutu.
Na tura shi, ruwa har ƙwauri,
zuwa rumfar tsoho Khoat bakanike,
na tarar da mutum goma sun riga ni,
kowa da gawarsa a hannu.

Ban san abin da ya kai hannuna kan sifana ba.
Na tsuguna, na kwance fulogi,
na hure shi, na goge da gefen farar riga,
na mayar, na taka.
Ya tashi.
Wani abu ma ya tashi a ƙirjina,
wanda ban san ya daɗe a kashe ba.

Wata mata mai yaro a cikin rigar leda ta ce,
ƙanwata, nawa fa?
Na yi nata. Na yi na wani ɗan makaranta.
Bakwai na tayar kafin ruwa ya tsagaita.
Tsoho Khoat bai ɗago kai ba ya ce,
wa ya koya miki?
Na ce, kallo.
Ya tofar da tsinken sakace, ya ce,
ran Asabar ƙarfe bakwai nake buɗewa.

Na iso gida da baƙin mai a ƙarƙashin farce,
lemun tsami ya yi iya yinsa, ya bari.
Uwata ta dubi rigar, ta dube ni,
ta ƙara mini nama a kwano, ba ta ce komai ba.

Ban ajiye aiki ba.
Gobe ma zan ƙirga takalman mutane.
Littafin Japananci na nan ƙarƙashin tebur,
kakanni na nan suna karatu.
Amma na nemo tsohuwar rigar babana,
mai yagaggen aljihu,
na ninke ta, na sa a ƙarƙashin kujerar babur.
Yau Alhamis.