Bindiga ta Biyu

Daren jiya a Goronyo na shimfiɗa tabarma,
na jera harsasai uku kamar mai bugun ƙasa,
fitila na ci, sauro na kai ƙara a kunnena.
Da asuba Alhaji Labbo zai harbi dorinar
da ta kwantar da shinkafar mutanen fadama,
ta kife kwalekwalen Bube har da buhunan albasa.
Takardar gandun daji na aljihunsa, da hatimi.
Shi ne mai harbi. Ni aikina tsayuwa a baya,
taku biyu ta hagunsa, riƙe da bindiga ta biyu,
wadda ba ta magana sai magana ta ɓaci.

Na farko siriri ne, uku-bakwai-biyar.
Mun saba. Yana cin nisa, ba ya karkata,
kafaɗata ta san shi kamar sandar kiwo.
Amma nisa ba rabona ba ne.
Ni ana tunawa da ni in abu ya zo taku goma,
baki buɗe kamar ƙofar rumbu,
ruwa na tsagewa gida biyu.

Ga huɗu-biyar-takwas can gefe, mai kauri,
awa babban yatsan maƙeri.
Wanga in ya sauka, ko ɓauna sai ta durƙusa.
Shurinsa kuwa na jakin da aka taɓa wa gyambo.
Shekaranjiya na kafa gwangwani a gindin giginya,
na ɗaga, na saita,
kafin in ja kunama idona ya ƙifta.
Ba wanda ya gani. Ni na gani.
Gwangwanin na nan lafiya lau,
giginya ce ta ji jiki.

Marigayi Nomau, da ya koya mini karatun sawu,
yatsunsa bakwai ne, dariyarsa ba ta ƙarewa.
Ya ce, "Yaro, bindigar da kaka tsoro
ta naman daji ta, ba taka ba.
Ɗauki wadda kaka iya tambaya sau biyu
tun ba ka haɗiye miyau ba."
Ina ɗan ashirin, na ɗauka tsufa ne ke magana.
Yau hamsin da takwas, kafaɗar dama
tana ba ni labarin ruwa kafin hadari ya haɗu.

Saura na tsakiya, huɗu-ɗaya-shida.
Ba shi da kirari, sai tsada.
Guda biyar sun cinye mini tunkiya,
kuma sai da na jira saƙo daga Sakkwato wata biyu.
Ɗaya na gwada, gwangwani ya tashi sama.
Na zaɓi mai taurin kai, wanda ba ya tarwatsewa:
ƙoƙon kan dorina ba tukunya ba ne,
abin da zai shige shi sai ya tafi a miƙe.

Ige ta leƙo ta ce, "Har yanzu lissahi kakai?
Tuwo ya huce."
Ba ta taɓa tambayar lambar bindiga ba.
Ita dai takan ƙirga abin da na fita da shi,
in na dawo ta zazzage jaka ta sake ƙirgawa.
Ranar da suka cika cif
har maƙwabta sai sun sha fura.

Asuba.
Laka har gwiwa, warin ruwa, kwaɗi sun yi shiru.
Alhaji na gaba yana haki a hankali.
Jiya na ga kofin shayi na rawa a hannunsa,
ban ce komai ba, baƙo ne, ya biya.
Yaran Bube na kallon gulbi.
Ni ƙeyar Alhaji nake kallo,
inda zufa ta fara tsattsafowa cikin wannan sanyi,
don ƙeya kan riga ƙafa gudu.
Babban yatsana na kan makulli.

Can cikin geza wani abu ya fesar da numfashi,
tsuntsaye suka watse.

Ya Rabbi, huɗu na shigo da su.
Ige ta ƙirga.